Fitilun tsakar gida na bolt 12: ta ina zan fara?

Baban Amira:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarar masana wuta nake nema. Mun tare a sabon gida watan jiya, a bayan gari, fuloti ne ƙafa 50 da 100. Gini ya ci kusan rabi, ragowar tsakar gida ne da turken awaki a baya. Mai wayarin ya sa min fitilu huɗu na wutar nefa a jikin katanga. Daren da aka yi ruwan nan mai iska, yarona ɗan shekara shida ya dafa ƙofar ƙarfe ta baya, wuta ta ja shi. Allah ya taƙaita, tsorata kawai ya yi, amma ni har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Da muka duba, ruwa ne ya shiga inda aka haɗa waya da baƙin tef a saman ƙofar. Na sa an cire layin gaba ɗaya. Yanzu gidan duhu dunɗum, ga Hajiya mahaifiyata tana fita alwala tun kafin kiran assalatu da 'yar tocila a hannu.

Wani abokina ya ce in yi na bolt 12, wai ko yaro ya kama waya ba abin da zai same shi. Niyyata in zagaye katanga da fitila 12 masu wat 10. Ina da inbata mai batir biyu, kuma akwai ragowar waya mai kauri 1.5 da ta rage daga aikin gini. Zai yi?

Maman Hanan:
Subhanallahi. Allah ya ƙara tsarewa, Baban Amira. A gaishe da yaron da mamansa.

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba. Abokinka ya yi gaskiya a rabin maganar: bolt 12 ba ya jan mutum, ko da hannunsa a jiƙe. Shi ya sa kake ganin bakanike yana kama kan batirin mota da hannu. Sauran rabin da bai faɗa maka ba shi ne, duk lokacin da ka rage bolt, sai ka ƙara kaurin waya. Lissafinka kuwa, ka yi haƙuri Alhaji, ba zai yi ba, ta fuska biyu.

Fitila 12 sau wat 10, wat 120 ke nan. A wutar gida mai bolt 230, wannan kusan rabin amfiya ne (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bi ta cikin waya), ko siririyar waya za ta ɗauka. A bolt 12 kuwa, ka raba 120 da 12, amfiya 10 ce cur. Wayarka ta 1.5, in jan ƙarfe ce ta gaske, daga ɗakin batir zuwa katangar baya a ce mita 30, wutar za ta je ta dawo, mita 60 ke nan. Da a ce duk fitilun a ƙarshen layin suke, wayar kaɗai za ta cinye kusan bolt 7 cikin 12 ɗin. Tunda a jere suke, a ce rabin haka, bolt 3 da rabi. Na kusa da ɗaki za su yi haske tar, na wajen awaki kuma su zama kamar aci-bal-bal. Wutar da ta ɓata a hanya kuwa zafi take zama a cikin wayar.

Ta biyun ita ce batir. Dare a wajenmu awa 12 ne, ko ya ɗan ƙaru ko ya ɗan ragu. Wat 120 sau 12, wat-awa 1,440. Batir mai amfiya 100 na bolt 12 duk abin da ke cikinsa wat-awa 1,200 ne, kuma in mai ruwa ne ko mai jel, rabi kawai ake so ka sha in kana son ya yi shekaru. Ka ga fitilun katanga kaɗai sun cinye abin da fanka da firiji suke jira.

Baban Amira:
Ikon Allah. Ni na ɗauka sauƙi zan samu. To Injiniya, in haƙura ke nan?

Injiniya:
A'a, kada ka haƙura. Fitilun ne suka yi yawa. Ka fara tambayar kanka, me nake son gani da dare? Ba katanga ce ke buƙatar haske ba, ƙafar Hajiya ce.

Ɗan Sabon Gari:
Alhaji me ya kai ka wannan wahalar? Wa ke binne waya a zamanin nan? Ka sayi fitilar sola mai komai a haɗe, fanel da batir da ƙwai duk a jiki ɗaya, wat 300, da rimot ɗinta. Kusoshi huɗu ka kafa, an gama. Guda huɗu sun ishi gidanka ya zama kamar filin ƙwallo. Ka same ni ta akwatin saƙo.

Riwaya:
Wat 300 😂 Oga, ka taɓa kwance ɗaya ka ga batirin ciki? Ni an kawo min da yawa gyara. Wat 300 na awa 12 wat-awa 3,600 ne, batirin mota uku ke nan masu amfiya 100. Ta ina suka shiga wannan 'yar robar da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya? Rubutun kwali ne kawai.

Ɗan Sabon Gari:
Malam Riwaya, ban ce ni na rubuta ba. Amma tana haske ko ba ta yi? Mutane nawa ne ke amfani da ita a ƙofar gida da masallatai? Ba kowa ke da kuɗin waya mai kauri da fayif da leburan tono ba. A bar talaka ya samu haske.

Injiniya:
Duk ku biyun kuna da gaskiya. Tana da wurinta. In wuri ya yi nisa da gini, rana kuma tana dukansa sosai, misali ƙofar waje ko lungun da ba ka son jan waya, ta fi sauƙi. Matsalarta, batirin yana manne a ƙarƙashin fanel, ranar Afrilu tana gasa shi kullum, zafi kuwa shi ne ajalin batir. Sannan dole inda kake son haske ya zama inda rana take. Tsakar gida mai darbejiya ko rumfa, ko katangar da inuwar bene ke rufewa tun la'asar, sai ka ga ƙarfe 2 na dare ta mutu, daidai lokacin da ake buƙatarta. Na haɗin waya kuwa, fanel yana kan rufi, batir yana ɗaki mai sanyi, fitila tana duk inda ka ga dama.

Maman Hanan:
Ku maza kun tafi lissafi, ni bari in faɗi abin da na gani a gidana, don mu ne a tsakar gidan. Maigidana ya sa mana manyan fitilu farare guda biyu, ɗaya daidai saman inda muke girki. Ranar da ruwan farko ya sauka, wallahi shinge ya rufe wurin, har cikin tukunyar miya. Ƙwari kala-kala, sai kwaɗi suka biyo su, har na fara tsoron abin da ke bin kwaɗi. Da bazara kuma da muka fito kwana waje, hasken a ido yake, yara sun kasa barci, makunnin kuma ɗaya ne, in ka kashe ka kashe har na ƙofar gida. Ƙarshenta tsohon zani na rataya a kai.

Saboda haka Baban Amira, kafin ka sayi komai ka zauna da Maman Amira ka tambaye ta. Wurin wanke-wanke, bakin famfo ko rijiya, hanyar banɗaki, matakalar baranda, igiyar shanya, inda Hajiya ke ajiye buta. Kuma inda ake shimfiɗa da zafi a ba shi makunninsa daban.

Baban Amira:
Wallahi Hajiya kin taɓo inda ban yi tunani ba. Ni katanga kawai nake kallo, don ɓarayi.

Injiniya:
Maganar Maman Hanan ta fi lissafina amfani. Batun ƙwari kuwa yana da magani, ko da ba duka ba. A jikin kwalin fitila akwai lamba mai K a ƙarshe. 6500K shi ne farin nan mai ɗaukar ido da ya ɗan yi shuɗi-shuɗi, shi ƙwari suka fi so. 2700K ko 3000K shi ne mai ɗan ja-ja kamar tsohon ƙwan lantarki, ƙwari ba su cika rububinsa ba. Ga dabara kuma: kada ka sa fitila a saman wurin girki ko saman ƙofar ɗaki. Ka sa ta gefe, taku uku ko huɗu, ta hasko wurin daga can. Ƙwarin sai su taru can.

Na Malam:
Ni fa ban yarda da wannan jan hasken ba. Mutanenmu fari suke so. Baƙo ya shigo ya ga jan haske sai ya ce wutarku ba ta da ƙarfi. Kuma don Allah batun tsaro ba wasa ba ne, mutum yana bayan gari kuna ce masa ya rage fitila. Ɓarawo haske yake tsoro. A haske ko'ina kawai.

Tsohon Soja:
Na Malam, na yi gadi shekaru bayan na bar aiki, bari in gaya maka. Fitila mai ƙarfi da ke kallon cikin gida maigidan take makantarwa, ba ɓarawo ba. Ka fito daga ɗaki ta doke ka a ido, duk abin da ke bayanta ya zama baƙi ƙirin, mutum zai tsaya a gindinta ba ka gan shi ba, shi kuwa yana ƙirga maɓallan rigarka. Kuma gwargwadon ƙarfin haske, gwargwadon baƙin inuwar da ke bayan tanki da bayan mota. Haske kaɗan-kaɗan a wurare da yawa, mai kallon ƙasa, ya fi babba guda ɗaya. Babbar ka ajiye ta a lungu da mai gane motsi, ta zauna a kashe. Ranar da ta kama da kanta ƙarfe 3 na dare, kai ka san akwai abu, shi ma mai tsallakowar ya san an sani.

Na Malam:
To Baba, ai mage ma tana kunna ta.

Tsohon Soja:
Gara mage ta tashe ni sau goma.

Maman Hanan:
Akwai kuma haƙƙin maƙwabci. Wata ƙawata maƙwabcinsu ya kafa fitila a saman bene tana haska musu tsakar gida har bakin banɗaki. Mata ba su iya fitowa da dare ba sai da hijabi, a cikin gidansu. Sai da manya suka shiga maganar. Kada fitila ta wuce tsayin katanga, a kuma sunkuyar da kanta.

Baban Amira:
Na gode ƙwarai. To ga abin da na tsara yanzu, ku duba min. Ƙanana: ɗaya a soro, ɗaya a hanyar shiga, biyu a baranda, ɗaya a famfo, ɗaya wurin wanke-wanke, biyu a hanyar banɗakin waje. Takwas ke nan. Manya masu gane motsi biyu, ɗaya ƙofar mota, ɗaya lungun awaki. Wat nawa zan saya?

Injiniya:
Yanzu ka zo. Ƙananan wat 3 ya isa. Kada ka raina shi: da lumen ake auna haske, LED mai kyau yana ba da kusan lumen 80 zuwa 100 a kowane wat, tsohon ƙwai mai wat 60 kuwa kusan lumen 800 yake bayarwa, ka ga wat 3 kamar sulusinsa ne. A cikin duhu, a hanyar da faɗinta bai wuce mita biyu ba, wannan ya isa a ga kunama a ƙasa. Manyan wat 10. Jimla 24 da 20, wat 44.

Ƙananan in sun kwana a kunne, 24 sau 12, wat-awa 288. Manyan a ce duk daren sun yi awa ɗaya in an tara, 20. Ka ga 300 da 'yan kai, maimakon 1,440.

Waya kuma kada ka yi layi ɗaya ya zagaye gida kamar carbi. Ka fitar da layi biyu ko uku daga tushe, kowanne da fis ɗinsa da makunninsa: na gaba, na baranda inda ake kwana, na baya. Na bayan shi ne mai nisa, yana ɗauke da ƙanana huɗu da babba ɗaya, wat 22, bai kai amfiya 2 ba. Da waya 2.5 a mita 30 asararka ba za ta kai bolt 1 ba. Ragowar 1.5 ɗinka ka yi layin baranda da ita tunda kusa ne, ba ta ɓaci ba.

Riwaya:
Amma a kankare wayar kafin a biya kuɗi. Ka sa wuƙa ka ɗan kankari silin. In ciki ja ne har can, jan ƙarfe ne. In fari ya fito, alminiyam ne aka shafa masa ja a baya. Alminiyam kusan kashi 60 cikin 100 na aikin jan ƙarfe yake yi, ga saurin karyewa, in danshi ya taɓa shi a wurin haɗi ya zama gari. A wutar nefa za ka iya shekara ba ka gane ba, a bolt 12 daren farko zai tona kansa. Ka ɗaga naɗin ma ka ji, na gaske yana da nauyi.

Batun tushe kuma mai sauƙi ne Alhaji. Tunda kana da batir biyu, ka ja daga guda ɗaya, bolt 12 ke nan, ba sai ka sayi komai ba.

Injiniya:
A'a Malam Riwaya, nan kam ban bi ka ba. Batir biyun a jere aka haɗa su su ba da 24. In ka ja daga ɗaya, kullum shi zai kwana da yunwa, cajar kuma ba ta san haka ba, jimlar biyun take kallo. Sai ɗaya ya riƙa cika har ya wuce, ɗayan bai taɓa cika ba. Cikin 'yan watanni ka kashe duka biyun.

Riwaya:
Muna yi a manyan motoci, a ja rediyo daga batir ɗaya.

Injiniya:
Kuna yi, kuma direbobin suna dawowa da batir ɗaya ya mutu su ce na jabu aka sayar musu. Rediyo ma ke nan. Wannan awa 12 ne kowane dare.

Riwaya:
To na ji, na janye. Amma ga wadda ba za ka musa ba: fitilun nan na LED da ake ɗaura wa manyan motoci da taraktoci, yawancinsu a jiki an rubuta bolt 10 zuwa 30. Jikinsu ƙarfe, an yi su don ruwa da ƙura da girgiza. Ko wuta ta ɗan ragu a hanya haskensu ba ya canjawa. Su za su yi masa manyan biyun, kuma ko kai tsaye daga 24 ɗin za su ci.

Injiniya:
Wannan kam na sa hannu. Kuma in mutum zai samu duk fitilunsa masu cin 24, ya fi: amfiya ta ragu da rabi, matsalar waya ta yi sauƙi sosai, kuma 24 ɗin ma bai kai ya ja mutum ba.

Hanyoyin da ke gabanka uku ne, Alhaji. Ko ka sayi 'yar na'urar da ke sauke 24 zuwa 12 ka ja daga batiran biyu tare. Ko ka sa taransfoma a soket ta sauke 230 zuwa 12. Ko ka yi wa fitilun gidansu daban: batir ɗaya mai amfiya 100, fanel mai wat 150, da ƙaramin kwantirola.

In taransfoma ce, a kula da abu biyu. Tsohuwar mai nauyin nan ta naɗin waya, abin da aka ba ta take rabawa: in wuta ta zo ƙasa, a ce 160, ita ma bolt 8 da ɗan abu za ta ba ka. Kuma AC take fitarwa, wato irin wutar nefa, fitilun LED da yawa kuwa DC suke so, irin ta batir, sai ka ga suna ƙyaftawa ko su ƙi kamawa. Marar nauyin irin ta cajar kwamfuta, wadda aka rubuta 100 zuwa 240 a jikinta, ita ta dace da irin wutarmu. Kada a ɗora mata fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙarfinta, wato wat 44 ɗinka a nemi mai wat 60. Sannan a tuna, ɓangarenta na shiga 230 ne, mai kisa. A ɗaki take zama, 12 ɗin kaɗai ke fita waje.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni daga Maraɗi nake bin ku. Na daban ɗin nan shi na yi shekara biyu ke nan, kuma shi zan ba da shawara. Dalili, ranar da kuran, wato wutar gari, ya daɗe bai zo ba, yara suka shanye babban batir da talabijin da fanka, waje yana nan da haskensa, ba ruwansa. Kuma kwantirolan da kansa yake kunnawa. Akwai wurin da ake saita shi, yana gane dare ta hanyar fanel: rana ta faɗi, fanel ya daina ba da wuta, sai ya saki fitilu, gari ya waye ya kashe. Kana iya ce masa awa biyar kawai, ko har safe. In batir ya yi ƙasa da yawa kuma yana yankewa da kansa don kada ya mutu.

Abin da ya ba ni wahala ƙura ce. Lokacin hunturu in ban goge fanel ba sati guda sai in ga wuta ba ta kai asuba. Ka sa shi inda yaro zai iya kaiwa da tsumma, ba can ƙololuwar rufi ba.

Baban Amira:
Ina ganin wannan zan bi, don inbatan dama da ƙyar take kai mu safe. Tambaya ta ƙarshe kafin in gajiyar da ku: tunda bolt 12 ba ya kisa, ba sai in ja wayar a jikin katanga kawai ba, in huta da fayif da tono? Fis ɗin ma dole ne?

Riwaya:
Alhaji ka taɓa ganin mota ta kama da wuta a kan titi? Bolt 12 ne fa. Ba ya jan mutum, amma in waya biyu suka haɗu batir zai tura ɗaruruwan amfiya a lokaci guda, wayar ta yi ja kamar garwashi, robar ta kama. Na taɓa ganin sifana ta faɗa kan batir ta manne. Fis ɗin mota na roba mai launi, kuɗinsa bai kai na lemo ba. Babba mai amfiya 10 dab da kan batir, tazarar bai wuce taƙi ɗaya ba, sannan kowane layi mai amfiya 5. Kuma in ya ƙone kada wani ya naɗa masa waya, a nemi dalili.

Maman Hanan:
Kuma kana da awaki. Akuya har sabulu take ci.

Injiniya:
😂 Ta gama magana. Akuya a sama, ɓera da gara a ƙasa, ga fartanya ranar da aka zo shuka zogale, ga rana da ke busar da robar waya ta farfashe. A sa a fayif ɗin roba. Ba sai an yi rami mai zurfi ba, santimita 15 zuwa 20 ya isa inda ƙafa kawai ke bi, inda mota ke takawa a ƙara zurfi. A bi gindin katanga ko gefen daɓe don a san inda yake, ka ɗauki hotonsa a waya kafin a rufe.

Abin da ya ja yaronka kuwa shi ne zai kashe maka fitilun nan in ba a kula ba, wato haɗi. Kada a yi haɗi ko ɗaya a cikin ƙasa. Duk haɗi ya hau sama cikin akwati mai murfi da roba a baki, wayoyi su shiga ta ƙasansa, a bar wayar ta ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga don ruwa ya ɗiga a waje. Baƙin tef ba maganin ruwa ba ne, zafi ma sakin sa yake. Fitilun kuma a duba lambar IP. Lambar farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IP65 ƙura ba ta shiga, kuma yana jure feshin ruwa, shi ne na jikin bango. Wadda za ta zauna ƙasa-ƙasa inda ruwa ke kwanciya da damina, IP67. IP44 sai ƙarƙashin baranda. A kuma kiyaye ja da baƙi, LED na DC in an juya masa waya ba ya kamawa.

Kafin a tona komai, ka shimfiɗa wayar a ƙasa, ka haɗa fitilun na wucin gadi, ka kwana biyu da su. Ka sa Hajiya ta bi hanyarta ta alwala ta gaya maka inda ba ta gani.

Ɗan Sabon Gari:
Duk da haka ƙofar waje ta titi kam a sa tawa. Wa zai fasa katanga don fitila ɗaya?

Tsohon Soja:
A sa, amma a walda ta. Ta unguwarmu kwana tara ta yi.

Baban Amira:
Salam, na dawo da rahoto bayan sati uku. Na yi gwajin shimfiɗawa kamar yadda Injiniya ya ce, kuma da ban yi ba da na yi asara. Ta famfo da na sa a bayan mai tsayawa, inuwar mutum ce ke rufe bokitin, sai muka mayar da ita gefe. Biyun hanyar banɗaki Hajiya ta ce suna shigar mata ido, muka sauke su zuwa daidai gwiwa, ta ce yanzu har tsakuwa tana gani. Ta baranda guda ɗaya ma ta isa, ɗayar na kai ta bakin turke. Wayar farko da aka miƙo min a kasuwa na kankare a gaban mai shagon, fari fat, ya yi dariya ya shiga ciki ya ɗauko wata. Na ari mitar gwaji: 12.6 a kan batir, 12.1 a fitilar ƙarshe ta baya.

Saura matsala ɗaya. Mai gane motsin lungun awaki, duk juyin da akuya ta yi sai ta kama, har maƙwabcina ya tambaye ni ko lafiya. Ta ƙofar mota kuma akasin haka, da magariba sai na zo dab da ita take kamawa, da asuba kuwa tun daga nesa.

Injiniya:
Madalla, rabin bolt ba komai ba ne. Ta ƙofar ba lalacewa ta yi ba. Zafin jiki take gani, tana bambanta shi da na wurin. Da magariba katanga da daɓe sun sha rana, zafinsu ya yi kusa da na jikin mutum, sai ta rikice. Da asuba wuri ya huce, shi ya sa take hango ka. Sannan ta fi gane mai gilmawa ta gabanta a kan mai tunkarar ta kai tsaye, don haka ka ɗan juya idon ya kalli hanyar ta gefe.

Ta awakin, a ƙasanta akwai 'yan maɓallan murɗawa. Ka rage na nisa, ka rage na lokaci zuwa minti ɗaya, sannan ka manna ɗan baƙin tef a ɓangaren idon da ke kallon turken, ka bar wanda ke kallon katanga.

Riwaya:
Ashe dai baƙin tef ɗin yana da ranarsa. Alhaji in ka manna ka turo mana hoton lungun da dare, ina son ganin yadda fitilar taraktan ta zauna.